Ranar da ka yi tsintuwa babu mai ganinka, me ka yi?

Malamar Lissafi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau ina so mu tattara labaranmu a kan abu ɗaya tak, wato tsintuwa. Abin da ya taso mini da maganar wani bincike ne da Alain Cohn da abokan aikinsa uku suka wallafa a mujallar Science a 2019. Walat 17,303 suka raba a birane 355 na ƙasashe 40. Mutuminsu zai shiga banki ko otal ko gidan waya ko ofishin 'yan sanda, ya miƙa wa ma'aikacin da ya tarar, ya ce a bakin titi ya tsinta kuma sauri yake yi, ya fice. A ciki akwai kati mai suna da adireshin imel, da makulli, da 'yar takardar jerin sayayya. Wasu babu ko sisi, wasu da kimanin dala 13. Marasa kuɗin, kashi 40 cikin 100 aka nemi masu su. Masu kuɗin, kashi 51. Da suka ƙara kuɗin zuwa dala 94 a Amurka da Birtaniya da Poland, sai abin ya kai kashi 72. Yawancin masana tattalin arzikin da aka tambaya ba su yi hasashen haka ba.

To mu fa? Don Allah kowa ya faɗi nasa, ya haɗa da abu uku: me ka tsinta, akwai mai kallonka, kuma kana sauri ko ba ka yi. Wanda ya riƙe ma ya faɗa, babu mai tsangwamarsa.

Direban Dare:
Wa alaikumus salam Malama. Ni waya ce, sabuwa fil, a saƙale a gefen kujerar baya. Na gama aiki wajen ƙarfe ɗaya na dare, ina kakkaɓe mota na ga haskenta. Babu kowa sai ni, ba na kuma sauri. A lokacin bashi ya yi mini katutu, zuciya ta ce ga tsuntsu daga sama gasasshe. Ta yi ƙara, na danne ta ta yi shiru. Ta sake yi, na sake dannewa, har na fara laluben inda ake zare layi. A kira na uku ne na kalli fuskar wayar da kyau, na ga an rubuta "Mama". Na ɗauka. Muryar tsohuwa ce tana rawa, ba ta ma tambayi waya ba, cewa take ina ɗanta, lafiya yake? Wallahi jikina ya yi sanyi. Da asuba na kai musu. Ba zan ɓoye ba, da lamba ce kawai ta fito babu suna, ina jin da na zare layin.

Maman 'Yan Biyu:
Ni tawa ba mai daɗin ji ba ce, amma tun da an ce a faɗa, bari na sauke ta. Shekara shida ke nan. Kuɗi ne a nannaɗe, an ɗaure da roba, a ƙasa kusa da ƙafata muna cikin layi. Na sa ƙafa na take, na sunkuya kamar ina gyara takalmi, na jefa a jaka. Na ce wa kaina babu suna, babu alama, wa zan ba? Ko minti biyar ba a yi ba sai ga wata yarinya, ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba, tana bin ƙasa da ido, tana ɗaga gefen zaninta tana kakkaɓewa, ta koma baya ta dawo. Ba ta yi kuka ba, leɓenta ne kawai ke rawa. Ta zo har gabana ta ce, "Anti, don Allah ba ki ga wasu kuɗi ba?" Na ce ban gani ba.

Ku yarda da ni, a wannan lokacin kuɗin sun riga sun fita daga raina. Kunya ce ta ɗaure mini baki. Ta yaya zan buɗe jaka a gaban mutane in fito da abin da na ɓoye? Na zaɓi mutuncina, na bar ta da dukan da wataƙila ke jiranta a gida. Na yi sadaka da ninkinsu daga baya, amma ba ita na ba wa ba.

Tsohon Akawu:
'Yata, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Kin yi ƙoƙari da kika faɗa, kuma kin taɓo wurin da ma'aunin yake da wuya. Akwai wani gwaji da masu bincike suka daɗe suna yi: a ba mutum kuɗi, a ce ya raba da wani da bai sani ba yadda ya ga dama, ko ya riƙe duka. Da Christoph Engel ya tattara sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje a 2011, ya samu cewa a matsakaici mutane na bayar da kusan kashi 28 cikin 100. Sai Jason Dana da abokansa a 2006 suka buɗe wata ƙofa: ko ka raba dala 10, ko ka karɓi dala 9 ka tafi, ɗayan ba zai taɓa sanin an yi rabo ba. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu suka karɓi taran. Sun yarda su yi asarar dala ɗaya don kada a gan su suna hanawa.

Ni ambulan na tsinta a matakalar wurin aiki, cike da kuɗi. Nan take na kai wa mai gadi aka yi cigiya, aka yi ta yabona. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, akwai abokin aikina a bayana, taku uku tsakaninmu, kuma na san ya gani. Shekara talatin ina tambayar kaina ko amana ce ko ganin ido.

Ɗalibar Jinya:
Katin shaida ne da makullai a kan benci, ranar jarrabawa. Na gani sarai, har na karanta sunan, na wuce. Da na fito babu su.

Malamar Lissafi:
Ƙanwata, naki ya yi kama da wani gwaji da masu bincike Darley da Batson suka wallafa a 1973. Ɗaliban makarantar horar da malaman coci ne a garin Princeton na Amurka, aka tura su wani gini su yi jawabi, aka ajiye mutum a hanya a durƙushe yana tari. Waɗanda aka ce musu da sauran lokaci, kashi 63 cikin 100 suka tsaya taimaka masa. Waɗanda aka ce sun makara, kashi 10 kacal. Shi ya sa na sa sauri a cikin tambayoyina.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Malama, ki yi haƙuri, amma abin da muke yi a nan ba awo ba ne. Kowa zaɓar labarin da zai faɗa yake yi. A 2014 Wilhelm Hofmann da abokansa sun riƙa aika wa mutum 1,252 saƙo a waya sau biyar a rana har kwana uku, suna tambayar abin kirki ko na assha da suka yi ko suka ji a sa'ar da ta wuce. Idan a kan kansu ne, na kirki ya fi yawa. Idan labarin wasu ne suka ji, na assha ya rinjaya. Ni kaina na zo da niyyar ba da labarin jakar da na mayar. Sai da na karanta na Maman 'Yan Biyu na tuna da cajar da wani ya manta a teburina, ya dawo nema na ce ban gani ba don ƙyuyar dubawa, daga baya na gan ta na ci gaba da amfani da ita. Na manta da wannan gaba ɗaya, ita kuwa jakar ko ranar ban manta ba.

Direban Dare:
Malama, kin tambayi kowa, ke ba ki faɗi taki ba.

Malamar Lissafi:
Gaskiyarka Malam. A binciken walat ɗin nan akwai inda suka cire makullin, sai mayarwa ta ragu. Makulli ba ya amfana wa wanda ya tsinta komai, mai shi kaɗai yake wa amfani, amma shi ya sa mutane suka ƙara damuwa. Da na karanta wurin sai na tashi na buɗe durowata. Akwai wani ƙaramin littafi mai baƙin bango da na tsinta a ƙarƙashin benci a ƙarshen zangon bara. Rubutun yaro ne, lissafi a gaba, a shafukan baya kuma wasiƙu ne da yake rubuta wa mahaifinsa da ya rasu. Na karanta biyu na rufe, na ce zan nemi mai shi, hutu ya zo, na bar shi. Babu kuɗi a ciki, babu mai kallona, ba na sauri. Wata takwas yana nan. Sunan farko kawai ya rubuta a bango, kuma yara huɗu ke da sunan a ajin. Ɗazu na ɗauko tsofaffin takardun jarrabawarsu na gwada rubutun, na gane ko wane ne. Na sa littafin a ambulan na manne, gobe kafin a shiga aji zan kira shi gefe in ba shi, in kuma gaya masa cewa na karanta shafi biyu.