Ana kuka ana kiɗa: wane anime za ku ba ni in kalla?

Nafisa: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare na kai kashi na 16 na Clannad After Story, wani anime, wato shirin zane na Japan, har yanzu zuciyata ba ta dawo daidai ba. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan tona labari. Nagisa na naƙuda a gida, dusar ƙanƙara ta toshe hanya ba halin zuwa asibiti. Ta haihu, mijinta Tomoya na riƙe da hannunta yana nuna mata jaririyar, sai hannun ya saki. Ina bakin gado da iyafis a kunne, hawaye har kan gilashin waya. Ban ko share ba sai waƙar ƙarshe ta faɗo, mai tsalle-tsalle, kamar an buga kalangu a gidan rasuwa. Wallahi cire iyafis ɗin na yi na ajiye. Shin da gangan suke yi ko ganganci ne? Kuma in akwai inda aka yi irin wannan ya yi kyau ku faɗa min, don ni ban ga yadda zai yi kyau ba.

Abba: Wa alaikumus salam Anti Nafisa, sannu. Sunan waƙar "Torch", kuma ba ke kaɗai ta yi wa haka ba. Ni tun daga lokacin na koyi ɗora yatsa a kan maɓallin tsayarwa in na ga kashi ya kusa ƙarewa.

Malam Habibu: Bari in sa baki, don abu biyu ne ake cakuɗawa. Waƙar buɗewa da ta rufewa a shirin talabijin na Japan gurbi ne da aka yanka musu, kusan daƙiƙa 90 kowacce. Kuɗin shirin kuma ba kamfanin zane kaɗai ke zubawa ba, haɗaka ake yi ta kamfanoni, sau da yawa har da na sayar da waƙa a ciki. Aniplex ai na Sony Music ne, King Records kuma na cikin waɗanda suka tsaya wa Evangelion. Mai faifai yana son a ji waƙarsa duk mako, ko an yi biki a kashin ko an yi jana'iza. Ba don kashi na 16 aka rera "Torch" ba, tana nan tun farkon zangon, ranar dai ta faɗo a inda bai dace ba. Wannan daban yake da inda darakta ya zauna ya zaɓi waƙa mai daɗi ya ɗora a kan abin tsoro da niyya. Na biyun ne nake ganin ya cancanci ki ba shi lokacinki.

Nafisa: To Malam, ba za su iya cire ta ba ko na mako ɗaya?

Malam Habibu: Suna iyawa, shi ya sa ba na wanke su duka. Dubi Madoka Magica na 2011. An bar mutane da waƙar buɗewa mai fara'a da zanen 'yan mata kamar na yara, sai a kashi na 3 da aka kashe Mami, ɗaya daga cikin 'yan matan, suka rufe da "Magia" ta Kalafina, mai nauyi da duhu. Sun san ranar da za su canja murya.

Zainab: Nafisa, ki fara da Grave of the Fireflies, fim ɗin Isao Takahata na 1988. Kobe ne a 1945, yaro da ƙanwarsa Setsuko 'yar shekara 4 suna zaune a wani ramin ɓuya a bakin tafki, yunwa na cin su. Bayan yaƙi ya ƙare, yarinyar ta rasu, sai ga wasu 'yan mata masu hali sun dawo gidansu suna murna, suka kunna garmaho. Tsohuwar waƙar nan "Home Sweet Home" ce ke tashi, a hankali, mai sanyi, waƙar daɗin gida. Kyamara ta bar su ta gangara ramin da babu kowa, sai a riƙa nuna Setsuko tana wasa ita kaɗai, tana shara, tana ɗinki allura ta soke ta ta sa yatsa a baki. Ba a sa kiɗan makoki ba ko kaɗan. Waƙar ta mutanen da suka tsira ce, daga tagarsu take fitowa, ba su ma san an yi wata yarinya a ƙasan tudunsu ba. Ni abin da ya tuna min shi ne ranar da aka kai yayata ɗakin miji: tana kuka kamar ranta zai fita, ƙawaye na waƙa, guɗa na tashi. Da shiru aka yi da ban ji kukan nata haka ba.

Abba: Yaya Zainab kin gama magana. Amma a tanadi hankici.

Sadik: Ni nawa Metropolis ne na 2001, na Rintaro. A ƙarshe dogon ginin nan Ziggurat yana rugujewa, ƙarafa na zubowa, wuta ko'ina, Kenichi na ƙoƙarin riƙe Tima kar ta faɗa. Maimakon ganguna sai muryar Ray Charles, "I Can't Stop Loving You". Da farko na ɗauka wata manhaja ce ta kunna kanta a wayata, sai da na duba. Kafin waƙar ta kai rabi na daina kallon ginin, yaran biyu kawai nake kallo.

Malam Habibu: Sadik ya kawo mai kyau. In ana wannan zance kuma dole a ambaci Hideaki Anno, daraktan Evangelion, don shi abin ya zame masa hannu. A kashi na 24 na Evangelion, Shinji na riƙe da Kaworu a tafin hannun mutum-mutuminsa, dole ya kashe shi, alhali shi ne mutum ɗaya da ya nuna masa ƙauna a fili. Hoton ya tsaya cak kusan minti guda, ba abin da ke motsi, sai waƙar farin ciki ta Beethoven, ta cikin kiɗansa na tara. Ku sani mutanen Japan sun san wannan waƙa kamar yunwar cikinsu, duk Disamba ake rera ta, a Osaka har mutum 10,000 ke haɗuwa su rera tare. Waƙar 'yan'uwantaka ce ta ƙarshen shekara, ita aka sa yaro ya murƙushe abokinsa a cikinta. A fim ɗin 1997, The End of Evangelion, duniya na narkewa ana kiɗa fiyano da tafi, sunan waƙar kuma da Jamusanci kiran mutuwa ne. Sai dai ina gargaɗi, wannan fim ba na yara ba ne, kar a kunna shi a falo.

Ummi: Ni fa ban yarda duk na gangan ne ke yin kyau ba. Jujutsu Kaisen zango na 2, lokacin da Yuji ya farfaɗo ya ga ɓarnar da Sukuna, mugun da ke zaune a jikinsa, ya yi wa unguwar Shibuya ta Tokyo da jikin nasa. Yaro ya durƙusa yana amai yana kuka, sai aka saka "Specialz" ta King Gnu, waƙar buɗewa. Raina ya ɓaci sosai. Wurin shiru yake so.

Sadik: Haba Ummi, ai nan ne ma ta zauna. Waƙar ba ta Yuji ba ce, ta miyagun ce, su ke shagali a Shibuya. Kamar suna tsaye a kansa suna rawa.

Ummi: Na ji wannan bayanin, kuma na sake kallo saboda shi. Amma waƙar da na riga na ji mako da mako ina gyaɗa kai, ba za ta koma ta baƙin ciki a kunnena dare ɗaya ba. Ta Setsuko da Yaya Zainab ta faɗa sau ɗaya tak aka ji ta, kuma an ga inda take fitowa.

Malam Habibu: Ummi na da hujja a nan. Ni ma waɗanda aka ga tushensu a cikin labarin sun fi kama ni. A Perfect Blue na Satoshi Kon, ƙofar lifta ta buɗe, ba kowa sai rakoda a ƙasa tana ƙwala waƙar soyayya ta CHAM, ƙungiyar 'yan mata mawaƙa ta cikin fim ɗin, mutumin na tsaye bai san ajalinsa ne ya iso ba. Shi ma na manya ne.

Musa Damagaram: Gaisuwa daga Zinder. Mu da muka taso da Spacetoon a tauraron ɗan'adam, Hunter x Hunter da muka sani shi ne Al-Qannas, fassarar Larabci, da muryar mawaƙiya Rasha Rizk. Da na girma na kalli na 2011, kashi 148 waƙar buɗewa ɗaya ce, "Departure!". A tsakiyar labarin tururuwan Chimera, ana cin mutane, Gon, jarumin labarin, ya fita hayyacinsa, ita dai tana nan da fara'arta. Da farko tsallake ta nake yi. Daga baya na daina, don ita kaɗai ta rage da ke tuna min yadda yaron yake ranar da ya bar tsibirinsu da sandar kamun kifi.

Abba: Berserk na 1997 fa? Labari baƙi ƙirin, waƙar buɗewa kuma ta samari masu jita. Wannan kam ban taɓa sabawa da ita ba, kiɗan Susumu Hirasawa na ciki ne ya riƙe ni.

Nafisa: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na sauke na Yaya Zainab.

Nafisa: Na dawo. Na kalla bayan isha'i, an ɗauke wuta, 'yata na barci a gefena, shekararta huɗu ita ma. Da garmahon nan ya fara ban cire iyafis ba. Da aka zo wurin allurar sai na tsayar, na kamo hannun yarinyar na riƙe, sannan na ƙarasa. Sadik, Metropolis ɗin awa nawa ne? Datata ta kusa ƙarewa, amma ina son in gan shi kafin Juma'a.