Laptop siririya na ɗaukar zafi tana rage gudu: fanka ce, mai ne, ko caja?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana gyaran kwamfuta, shawararku nake nema. Laptop ce siririya mai inci 14, ta hannu na saye ta. Furosesa Core i5-8250U, RAM 8GB, da SSD. Aikinta bai wuce haɗa gajerun bidiyo, Zoom da Chrome ba. Da na fara aiki, kafin minti goma sai fanka ta hau ruri, gefen hagu ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, ita kuma ta koma tafiyar hawainiya. Abin da ya fi ɗaure min kai, wani lokacin da sassafe, ko ɗumi ba ta yi ba, sai Task Manager ya nuna gudun furosesa 0.39 GHz, linzami ma da kyar yake motsi. Wani ya ce in canza fanka, wani ya ce in sayi faifan sanyaya da ake ɗora ta a kai, wani ya ce in sake ɗora Windows. Wanne zan kama?

Mai gyaran bod:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka kama ko ɗaya tukuna, kuma kada ka kwance noti ko guda sai ka auna. Abubuwa uku ne ke sa furosesa ta taka birki, a ido kamarsu ɗaya, amma maganin kowanne daban.

Na farko zafi ne na gaske. Iyakar wannan furosesar digiri 100. Da ta kusa nan sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Na biyu ƙa'idar wuta ce da kamfanin laptop ɗin ya gindaya mata, ko da ba ta yi zafi ba. Na uku wani saƙon gaggawa ne da ake kira BD PROCHOT, wanda bod, wato babban allon lantarkin cikin laptop, ke aika mata idan ya zargi caja, batir ko wani ma'aunin zafi. Shi wannan ba ya sassauci, kai tsaye yake jefa ta ƙasan ƙarshe, wato 0.39 ɗin nan da kake gani.

Sauke manhajar aune-aune ta HWiNFO64, kyauta ce, ka buɗe ta a ɓangaren ma'aunai kawai. Layi biyar za ka sa wa ido: CPU Package na zafi, CPU Package Power na wat, gudun furosesa, da layukan Thermal Throttling da Power Limit Exceeded masu nuna Yes ko No. Ka bar ta minti biyar ba aiki, ka rubuta lambobin. Daga nan ka sa ta fitar da bidiyo, ka rubuta na daƙiƙa biyar ɗin farko, da na bayan minti ɗaya, da na bayan minti goma. Ka yi sau ɗaya da caja, sau ɗaya da batir kaɗai. Ka kuma kara bayan hannunka a bakin hujin da iska ke fita ka gaya mana abin da ka ji.

Wani memba:
Oga, ai ba sai an yi nisa ba. Furosesar 2017 ce, wataƙila tunda aka ƙera laptop ɗin ba a taɓa canza mata mai ba, wato man da ake shafawa tsakanin furosesa da farantin tagullar da ke kwashe mata zafi. Ya canza kawai a wuce wurin.

Mai gyaran bod:
Zai canza, amma busasshen mai ba ya kai furosesa 0.39 da sassafe tana sanyi. In ya canza ya ga abin bai daina ba, sai ya ce mai gyara ya cuce shi.

Injiniya:
Bari in ɗan tsaya a kan na biyun, don shi ne mutane ke ɗauka cuta alhali ba cuta ba ne. Wannan furosesar an tsara ta a kan wat 15. Tana da ƙwayoyi huɗu, wato cores, sassan da ke yin aikin, gudunta na asali 1.6 GHz, da turbo kuma, wato ƙarin gudu na ɗan lokaci, tana kai 3.4. To, ƙwayoyi huɗu a kan 3.4 suna cin wutar da ta ninka 15 ɗin ko fiye. Shi ya sa ake ba ta rance: ta ci wat 25 ko sama da haka na ɗan lokaci, yawanci kusan daƙiƙa 28, daga nan a mayar da ita ƙa'idarta. Saboda haka in ka ga ta tashi da 3.4, bayan rabin minti ta sauko wajen 2 zuwa 2.5 ta zauna daram, zafi yana tsakanin 80 da 90, lafiyarta ƙalau. Haka aka yi ta. Bututun tagulla ɗaya da fanka ɗaya mai kaurin da bai kai ɗan yatsa ba ba za su kwashe fiye da haka ba.

Kuma ba na masu araha kaɗai ba ne. MacBook Pro na 2018 mai Core i9 ya sha wannan surutun, har Apple ta fitar da gyaran manhaja a watan Yulin shekarar. Siririn jiki da babbar furosesa, dole ɗaya ya haƙura.

Mai tambaya:
Na gode, na auna. Ba aiki: digiri 61 zuwa 64. Da na fara fitar da bidiyo, cikin daƙiƙa uku ta kai 98. Bayan minti ɗaya wat ya sauko 9 zuwa 10, gudu 1.3, Thermal Throttling ya nuna Yes. Iskar da ke fita kaɗan ce duk da rurin fankar, kuma ɗumi-ɗumi ce kawai. Shi kuma 0.39 sai da caja a jiki yake zuwa, lokacin zafi 55 ne ma. Ina zare caja sai ta warware. Cajar ba tata ta asali ba ce, a kasuwa na saya, mai zagayayyen baki da 'yar allura a tsakiya.

Mai gyaran bod:
Madalla. Cuta biyu ce a jiki ɗaya, kuma babu ruwan Windows a ciki.

Duba lambobinka. Furosesar da ta kasa riƙe wat 10 ba tare da ta kai 98 ba, zafin ba ya barin jikinta. Tsallen daga 60 zuwa 98 cikin daƙiƙa uku yana nuna tsakaninta da farantin tagullar babu haɗuwa mai kyau, wato mai ya bushe ko ya tsiyaye gefe. Rurin fanka ba iska kuma toshewa ce. Ƙura da zaren tufafi suna taruwa tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen nan masu kama da matsefi, su dunƙule kamar audugar katifa. Daga waje ba ka ganinsu, kuma hura iska ta huji ba ya fitar da su, sai ma ya ƙara cusa su. Wanda yake zaune inda ƙurar hunturu ke shiga ɗaki, duk shekara ya kamata a buɗe wajen nan.

Kayan aiki: ƙaramin sukudireba mai kan gicciye PH0 ko PH00, wasu samfuran kuma Torx T5, tsohon katin roba na ɓamɓare murfi, buroshi mai laushi, alkohol na isofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko sama, ƙyalle marar gashi, da sabon mai.

Ka kashe ta gaba ɗaya, ba barci ba, ka zare caja. Kwance murfin ƙasa, ka jera notukan a kan takarda yadda suke a jiki, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo a gurbin gajere yana iya huda abin da ke ƙasa. Abu na farko bayan buɗewa: cire soket ɗin batir daga bod. Ka riƙe kan soket ɗin, ba wayoyin ba. Yawancin bod ɗin da ke mutuwa wajen irin wannan aikin, noti ne ko bakin sukudireba ya faɗa kansa batir na haɗe. Ka ɗan dubi batirin ma, in ya kumbura kamar burodi, a canza shi, kada a danna, kada a huda.

Cire wayar fanka, ka kwance fankar, za ka ga dunƙulen ƙurar a bakin haƙoran. Ka zare shi, ka share da buroshi. In za ka hura iska, riƙe fuka-fukan da yatsa, barin su suna juyawa da ƙarfin iska yana kashe gindin fankar. Juya ta da yatsa: in tana tafiya sumul ba kaɗawa, ba ƙara, ba ta buƙatar canji.

Notukan farantin furosesa suna da lamba 1 zuwa 4. Kwance su daga 4 zuwa 1, rabin juyi-rabin juyi. Ka ɗaga a hankali ta wajen farantin, kada ka ja ta bututun. Bututun nan ba tagulla zalla ba ne, cikinsa rami ne da ɗan ruwa kaɗan da ke zama tururi ya kai zafi bakin fanka ya dawo. In ya lanƙwashe ko ya huje, ya tashi aiki. Goge tsohon man a ɓangarorin biyu da alkohol har su yi ƙyalli, ba kankara da reza ba. Za ka ga gilasai biyu a kan furosesar, babba da ƙarami. Babban shi ne mai aikin. Ƙaramin, in ka tarar ba mai a kansa ko wani ɗan laushin faifai ne, ka bar shi yadda yake. Sa mai kamar ƙwayar shinkafa, ka baje shi siriri ya rufe gilashin har kusurwoyi, don furosesar laptop tsirara take, ba murfin ƙarfe irin na babbar kwamfuta. Mayar da farantin sau ɗaya, kada ka ɗora ka ɗaga, ka ɗaure daga 1 zuwa 4 da kaɗan-kaɗan. Kada ka manta da wayar fanka. Ana mantawa, sosai ma.

Injiniya:
Ƙari a kan man. Farin man nan da ake sayarwa a babban gwangwani ba suna, kada ka sa. Arctic MX-4 ko MX-6 sun wadatar, sai dai jabunsu ya cika kasuwa, ka saya inda za ka iya komawa. Matsalar mai ruwa-ruwa a kan furosesa tsirara ita ce, duk zafi da sanyi farantin yana ɗan motsi yana matso man waje, bayan 'yan watanni zafin ya dawo. Abin da ya fi jure wannan shi ne Honeywell PTM7950, wanda yake zuwa kamar siririyar leda, ka yanka daidai girman gilashin, ya narke da kansa a wajen digiri 45. In ka sa shi a firji na ɗan lokaci ya fi sauƙin ɓarewa. Ruwan ƙarfen nan mai kama da zaiba kuwa ka nisance shi: wutar lantarki na bi ta cikinsa, ɗigo ɗaya a kan bod ya isa ya kashe shi, kuma yana cin alminiyom. Masu cewa a sa man goge baki, Allah Ya shirye su.

Bayan ka haɗa, ga gwajin bututu: tana cikin aiki, iskar da ke fita ya kamata ta yi zafi sosai. In furosesa na 95, fanka tsaf, mai sabo, amma iska sanyi, bututun ya mutu, sai a nemo na irin samfurin.

Mai harkar caja:
Ranka ya daɗe, allurar tsakiyar nan ba ado ba ce. A cajojin Dell da HP masu zagayayyen baki, ta nan laptop ke gane caja da ƙarfinta. In allurar ta karye, ko wayarta ta tsinke a ciki, ko jabu ce da ba a sa mata abin shaidar daidai ba, sai laptop ta ɗauka cajar ba za ta iya ba, ta rage wa furosesa gudu, wani lokacin ma ta ƙi cika batir. Shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa tun kafin Windows ya tashi, da danna F2 a wasu, F10 a wasu, ka duba ko akwai wajen bayanin caja. In ya rubuta Unknown a maimakon 65W ko 45W, magana ta ƙare. Kafin ka kashe kuɗi, ari ta asali ka gwada. In da ta asalin ma bai gane ba, ramin cajar da ke jikin laptop ɗin ne, kuma a samfura da yawa da 'yar waya yake haɗe da bod, canjinsa ba wuya.

Wani memba:
Ko ya sa manhajar ThrottleStop ya cire alamar BD PROCHOT, nan take za ta saki.

Mai harkar caja:
Za ta saki, amma wannan toshe kunne ne, ba magani ba. Don gwaji na minti biyar babu laifi. Barin sa haka da cajar da ba a san cikinta ba, a ƙasar da wuta ke hawa da sauka, kasada ce da bod ɗin gaba ɗaya.

Wata memba:
Yayana, bayan an gama na ƙarfe, ga na saiti. A Power Options, ƙarƙashin Processor power management, in ka mayar da Maximum processor state daga 100 zuwa 99, turbo zai mutu, gudun ba zai kai 2 GHz ba, zafi da ruri su ragu sosai. Ya dace da Zoom da rubutu, ranar fitar da bidiyo ka mayar 100. A manhajar haɗa bidiyon ka kunna fitarwa ta Quick Sync, don sashen hoto na furosesar ya ɗauki nauyin tsarin bidiyo na H.264 a maimakon ƙwayoyin. Haka a Chrome ka tabbatar hardware acceleration a kunne yake. Sai dai wannan zubin furosesar, na 8, bai san tsarin bidiyo na AV1 ba, sai daga zubi na 11 Intel ta sa shi, shi ya sa wani bidiyon YouTube ke tayar da fanka. Rage wa furosesa boltej yana taimakawa, amma tun bayan ɓarakar tsaron da aka kira Plundervolt a ƙarshen 2019, sabunta BIOS ya rufe ƙofar a laptop da yawa.

Faifan sanyaya kuwa 'yan digiri kaɗan yake ragewa. Ɗaga bayanta santimita biyu ko uku a kan tebur yana yin kusan hakan kyauta. Katifa, darduma da cinya suna toshe hujin shaƙar iska. Kuma ka sani, yawancin kamfanoni digiri 35 suke rubutawa a matsayin iyakar zafin ɗakin da za a yi aiki da ita, ga shi a watan Afrilu garuruwanmu suna haura 40. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi furosesa ke ƙarawa. Aiki mai nauyi a bar shi sai dare ko asuba.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. In na gama, wane lamba zan gani in san aikin ya yi?

Mai gyaran bod:
Amin. Ba aiki, 45 zuwa 52 a ɗaki mai zafi. Cikin aiki, ta riƙe wat 15 ko kusa, zafi ƙasa da 90, Thermal Throttling ya tsaya a No bayan rabin mintin farko. In Power Limit Exceeded ne ya koma Yes, ƙyale shi, wannan shi ne abin da Injiniya ya bayyana. In kuma har yanzu tana tsalle zuwa 98 cikin daƙiƙa uku, farantin bai zauna daidai ba: kwance, ka dubi shatin man a kan tagullar, ka turo mana hotonsa kafin ka goge.