"Hali zanen dutse ne": ta dace da bayanan da ba sa sauyuwa?

Ɗalibin kwamfuta:
Assalamu alaikum. Ana koya mana nau'o'in bayanai a Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta. An ce akwai waɗanda ake iya sauyawa bayan an ƙirƙire su, kamar list (jerin abubuwa) da dict (ma'ajiyar da ake nemo kowane abu da mabuɗinsa) da set (tarin abubuwa marasa maimaici), akwai kuma waɗanda ba a taɓawa, kamar str (rubutu) da tuple (jerin da ba a sauyawa) da lambobi. Da aka zo kan kashi na biyu sai malaminmu ya ce, "Hali zanen dutse ne." Abin bai kwanta mini ba. In na rubuta x = 5, na dawo na rubuta x = 6, ai ya sauya. To ina zanen dutsen?

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Cikon maganar shi ne "ba mai iya kankare shi". An fi faɗinta idan an yi wa mutum nasiha har an gaji, ya ƙi barin abin da ya saba. Magana ce ta fid da rai. Ku kuwa na ji kamar yabon rashin sauyuwar kuke yi, shi ya sa nake ganin an ɗora ta inda ba muhallinta ba.

Injiniyar manhaja:
Ƙanena, 5 ɗin nan ba ta koma 6 ba. Sunan x ne ka cire daga kanta ka maƙala wa wata lambar. Zanen yana jikin dutsen, ba a jikin sunan da ka kira shi da shi ba. Gwada s = "ruwa", sannan s[0] = "g", wato ka sauya harafin farko. Python zai ƙi, ya ba ka saƙon kuskure na TypeError. Ko s.upper() ma, mai mayar da haruffa manya, sabuwar kalma yake dawo maka da ita, ta farkon tana nan yadda take. Amma rubuta list a = [1, 2], sai b = a, sai b.append(3) don ƙara 3 a ƙarshe, ka duba a. Za ka tarar da [1, 2, 3], don sunaye biyu ne a kan abu guda. Irin wannan kuskuren kan wahalar da mutane ƙwarai, saboda ɓarnar a wani wuri ake yinta, a wani wurin daban take bayyana.

Malam, da girmamawa, ban yarda cewa ƙorafi kaɗai maganar nan take ɗauke da shi ba. Ai mutumin kirki ma akan ce halinsa ke nan, ba ya canzawa, shi ya sa ake ba shi amana. Haka abin yake a nan. Python na karɓar str da lamba a matsayin mabuɗin dict amma ya ƙi list, domin da mabuɗin ake lissafa inda aka ajiye abu, in ya sauya daga baya ba za a sake gano wurin ba. Haka kuma idan ayyuka da yawa suna gudana lokaci guda, suna iya karanta abu mara sauyuwa ba tare da fargabar wani ya taɓa shi ba.

Malamin Hausa:
Na karɓi wannan, Malama. Ana faɗinta a yabo, sai dai ba kasafai ba.

Tsohon mai rubuta manhaja:
Ni damuwata daban ce. Karin maganar na sa ɗalibi ya saki jiki fiye da kima. Ɗauki t = (1, [2]), wato tuple mai list a ciki. Ba ka isa ka musanya abin da ke gurbi na biyu ba, amma t[1].append(3) zai wuce lafiya lau. A yaren JavaScript ma const, umarnin hana sauya suna, da ya shigo a 2015, sunan kawai yake ɗaurewa, abin da ke ciki ana sauya shi. Sannan rashin sauyuwa ba kyauta ba ne. A yaren Java, in kana ta ƙara haruffa kan String (rubutu mara sauyuwa) sau dubbai, kowane ƙari sabon kwafi ne, shi ya sa aka tanadi StringBuilder: ka gina abinka yana sauyuwa, ka gama, ka mayar da shi String. Da ni ne da "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi" zan koyar.

Malamin Hausa:
Wannan ta tarbiyyar yara ce, Yallaɓai, amma ta zauna: akwai lokacin gyara, akwai lokacin da ya wuce. Sai dai icce da kansa yake bushewa, ku kuwa ku ne kuke yanke lokacin.

Injiniyar manhaja:
Kuma yaruka sun sha bamban a kan wannan hukuncin. A Rust, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a 2015, suna ba ya sauyuwa sai ka rubuta mut da hannunka. Ni wannan tsarin na fi so, don mai karanta aikinka yana ganin inda ka buɗe ƙofa.

Ɗalibin kwamfuta:
Yaya, to tuple ɗin nan mai list a ciki, zai yi mabuɗin dict?

Injiniyar manhaja:
Ba zai yi ba. Python yana bin abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, yana isa kan list ɗin zai tsaya da TypeError. Mayar da shi (1, (2,)) ka sake gwadawa, zai karɓa.