Boris ɗin inji: wanne ke shiga gurbin wanne a tsofaffin babura?

Mai gareji, Maiurno: Assalamu alaikum ustoci, manyan makanikai. Kayan gyaran tsofaffin babura sun yi wuya, sai an jira su daga Port Sudan. Wanda ya taɓa ɗaukar boris na karanshaf daga wani babur ya sa wa wani ya zauna lafiya, ya faɗa mana lamba da awo.

Usta, Wad Madani: Wa alaikumus salam. Kada ka je kasuwa da sunan babur, je da lambar da ke jikin boris. Kamfanonin babur ba su cika ƙera boris da kansu ba, saye suke yi, kuma 6205 na SKF da na NTN ko Koyo awonsu ɗaya: rami milimita 25, faɗin waje 52, kauri 15. Lambobi biyu na ƙarshe, daga 04 zuwa sama, ka ninka su sau 5 ka sami ramin. Na ƙasa sai an haddace: 00 shi ne 10, 01 shi ne 12, 02 shi ne 15, 03 kuma 17. Karanshaf na Honda C70 yana cin 6304, wato 20 da 52 da 15, wannan lambar kuma tana gefe ɗaya na Yamaha RX. Ɗaya gefen na RX 6205 ne. A lura, su biyun duk za su zauna daram a cikin kwandon inji don wajensu da kaurinsu ɗaya, rami ne ya bambanta. Yaron shago ba ya gane kuskuren sai ya zo zura karanshaf.

Bakanike, Kassala: Usta ya yi gaskiya, amma lamba kaɗai ba ta isa ba, a duba haruffan da ke bayanta. C3 na nufin sararin da ke tsakanin ƙwallaye da zobba ya fi na gama-gari: a 6205, na gama-gari maikiron (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) 5 zuwa 20 ne, C3 kuwa 13 zuwa 28. In an matsa boris a kan shaf zoben ciki yana ɗan buɗewa, zafi ya ƙara buɗa shi, sararin ya ƙare. Inda littafin babur ya ce C3 ka sa na gama-gari, a ranar Afirilu ta nan gabas zai fara kuka, ƙwallayen su yi shuɗi. Haka 2RS da ZZ, masu murfin roba ko na ƙarfe: na taya ne. Injin mai bugu biyu da man da ke gauraye da fetur yake jiƙa boris ɗinsa, murfi kuma ya tare hanya. In shi kaɗai ka samu, ɓamɓare murfin biyu, ka wanke giris ɗin da fetur, ka ɗiga masa mai.

Mai Vespa, Gadarif: Mu namu ya sha bamban. Vespa PX gefen kuloch 25 da 62 da 12 ne. 6305 ma 25 da 62 ne, sai dai kaurinsa 17, milimita 5 ke nan a kai, kwando ba zai rufu ba. Na Bajaj Chetak irin na da shi ke shiga, don daga Vespa Sprint aka samo injinsa. Gefen magneto na PX kuwa na sanduna ne a madadin ƙwallaye, 25 da 38 da 15, ba ya musaya da na Chetak.

Dattijo, Omdurman: Yara, ku yi hankali da na Ingila, da inci aka ƙera da yawansu. Tsohon Triumph 650 yana da boris mai rami inci 1 da 1/8, wato milimita 28.58, waje inci 2 da 13/16, wajen milimita 71.4. A ido kamar 6306 yake, mai 30 da 72 da 19. Ba shi ba ne: 6306 zai yi lako-lako a shaf, ya ƙi shiga kwando. Masu buga shi da guduma su ne masu tsaga kwandon da ba a samun irinsa. Norton Commando kuwa 30 da 72 da 19 ne, amma na sanduna, NJ306. Awo ɗaya da 6306, aiki daban: na sanduna ya fi ɗaukar nauyi, na ƙwallo shi ke riƙe shaf kada ya yi gefe. In ka musanya iri, sai ka sake auna wasan karanshaf na hagu da dama.

Mai gareji, Maiurno: Baba, mun gode. Wajen sakawa fa? Wani boris da ya yi wata ɗaya sai ka ga yana juyawa a gurbinsa.

Usta, Wad Madani: Gurbin ne ya ci, galibi daga buga boris a cikin kwando mai sanyi. Ɗumama kwandon zuwa digiri 100, har ɗigon ruwa ya yi tsalle a kai, boris kuma ya kwana a firji. Da kansa zai faɗa ciki. Shi boris kada zafinsa ya wuce 120. In za ka tura, tura zoben da ke matsewa kawai, kada ƙarfin ya bi ta ƙwallaye. Wanda ke da tsagi da zoben tsayarwa, mai NR a lambarsa, kada a sa masa marar tsagi. Kuma a injin mai bugu biyu canza sil biyu na karanshaf, wato robobin da ke tare mai da iska, a lokaci guda, don tsohon sil yana shan iska, fistin ya kama.