Siliniyam ko ƙarfen wata? A taimaka mu tsayar da suna ɗaya

Salamu alaikum 'yan'uwa. A saidaliyya, wato kantin magani, nake aiki nan Jidda, kuma lokacin Umara mutanenmu na yawan shigowa da kwalin magani ko shamfu suna tambaya wai meye wannan silinyum da aka rubuta da Larabci. Ni siliniyam nake cewa, amma wani dattijo ya ce min ai aro ne, gara ƙarfen wata. Me kuka gani?

Daga Madina:
Wa alaikumus salam yaya. Baba yana da hujjarsa, don Berzelius, masanin sinadarai ɗan Suwidin da ya gano shi a 1817 sunan wata a Girkanci ya ba shi. To amma fa ba ƙarfe ba ne sam, ɗan gidan su farar wuta ne, lambarsa 34 a jadawalin sinadarai, kuma yawanci wajen tace jan ƙarfe ake samunsa a dattin da ya kwanta. In haske ya same shi wutar lantarki ta fi wucewa ta cikinsa, shi ya sa tsofaffin injinan fotokwafi suka yi amfani da shi, masu gilas ma na zuba shi don ya cire kore ko ya ba da ja. Ni da ƙanin farar wuta aka ce.

Daga Makka:
Ɗana, sunan ƙanin farar wuta ya yi daɗi a aji amma ka ce wa mai ciwo ya sha shi ka gani ko zai yarda. Ƙarfen wata kuwa ni tsoro yake ba ni wallahi, mutanenmu da jin suna irin wannan sai su ɗauka wani sirri ne su yi ta haɗiya, alhali maikirogiram 55 kacal (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) babba ke buƙata a rana, kifi da ƙwai da nama ma sun isar wa mafi yawan mutane. Idan ya yi yawa gashi na zubewa, farce na karyewa, baki ya riƙa warin tafarnuwa. Rashinsa ma cuta ne, a yankin Keshan na ƙasar Sin ciwon zuciya ya jawo.

Daga Jidda:
Na gode Hajiya, nan ne damuwata. Mutum zai koma Kano ko Maraɗi da kwalin nan, can ma likita sunan da ke jikin kwali zai duba, in ya je yana cewa ƙarfen wata ba wanda zai gane me yake sha. Shamfun amosanin kai ma da ake shafa wa kyasbi, siliniyam ne a ciki haɗe da farar wuta, na shafawa ne kawai ba na sha ba, dole sunan ya zo daidai da rubutun don kar a rikice. Don haka siliniyam zan riƙe, in ana bayani sai a ƙara da cewa sinadari ne dangin farar wuta. Wanda ke da gyara a rubutun, siliniyam ko siliniyom, ya faɗa kafin in buga takardar bayanin da za mu manna a kantar shagon.