Wa ya taɓa ƙirga gaɓoɓin ƙafar kaza?

Ɗalibi, Samaru:
Assalamu alaikum. An sa mu dafa ƙafar kaza, mu sule naman mu jera ƙasusuwan, don mu gwada da na teropod, dangin dainaso (dabbobin zamanin da) masu tafiya da ƙafa biyu da tsuntsaye suka fito daga cikinsu. Yatsan baya gaɓa 2 na samu, na ciki 3, na tsakiya 4, na waje 5, har da ƙashin farce. Na ɗauko zanen ƙafar Tiranosoras, wani ƙaton teropod, lissafin bai canza ba, alhali dabbar ta ƙare tun shekaru miliyan 66. Akwai wanda ya taɓa lura?

Mai kaji, kasuwar Sabon Gari:
Ɗana, ni ban taɓa ƙirgawa ba, yanka da figa na sani. Amma inda muke cire ƙafa, kowa gwiwa yake ce masa, kuma in ka tsaga cinya akwai wata gaɓar ɓoye cikin nama.

Malamar kimiyya, Tudun Wada:
Baba, waccan ta ɓoye ita ce gwiwar gaske. Inda kuke sa wuƙa idon sawu ne, kaza a kan yatsu take tafiya, dunduniyarta na sama. Haka teropod suke. Nakan ba yara dogon ƙashin da ke tsakanin idon sawun da yatsu in ce su shafa ƙasansa, sai su ji dunƙule uku: ƙasusuwa uku ne suka haɗe. A Tiranosoras ba su haɗe ba. Na tsakiya ya tsuke daga sama, ya buɗe daga ƙasa, na gefe biyu sun matse shi, masana na ganin hakan ke raba nauyi in ya taka. Yara kuwa, miyar suke tambaya.

Mai kiwo, Shika:
Malama, ni shirwa ce ta koya mini. A gabana ta sure ɗan tsako, yatsan baya ne ya rufe kamun.

Malamar:
To, a tsofaffin teropod wannan yatsan ƙarami ne, yana rataye sama, ko ƙasa ba ya taɓawa. A jikin tsuntsaye ya juya baya. Belosirafta, wani ƙaramin teropod na Mongoliya, da yatsa na biyu yake aiki, farcensa kamar lauje, yana ɗage shi in yana tafiya. Wasu masana na cewa danne abin farauta yake yi da shi.

Mai kaji:
Ɗan Samaru, ka biyo gobe da safe, akwai ƙafar zabo da ta talotalo, ka ƙirga su ma.