Neman shawara: Jami'o'i biyu na neman yarona a ƙwallon Amurka, mahaifinsa ya ce bai san zancen ba

Maman Abba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Mun zo Houston tun 2007 ina goye da babbar 'yata, shi Abba a nan aka haife shi. Lokacin maigida yana tuƙin tasi da dare, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi, sai wata maƙwabciyarmu ce ke riƙe mini yaran. 'Ya'yanta maza uku duk 'yan ƙwallon Amurka ne, wannan da ake jifa da hannu. A gidanta ya koya. Yana ɗan shekara bakwai ya fasa mana gilashin taga da ƙwallon nan mai kama da gwanda, mahaifinsa ya kai ta shara, ni kuma na bi dare na ɗauko na wanke na ɓoye masa a ƙarƙashin gado. Wataƙila tun daga nan laifina ya fara.

Yanzu yana ajin ƙarshe na sakandare, kuma shi ne kwatabak ɗin makarantarsu, wato shi ake miƙa wa ƙwallo a kowane hari, shi ke kiran dabara, shi ke jefawa. Jami'o'i biyu sun yi magana. Ɗaya babba ce, irin waɗanda ake nunawa a talabijin ranar Asabar, amma sun ce ba a matsayin kwatabak suke son sa ba, ɗan baya za su mayar da shi, wato mai tsaron baya da ke hana abokan hamayya cafke ƙwallo, tunda yana da gudu. Ɗayar ƙarama ce, can arewa inda ƙanƙara ke sauka, su sun ce kwatabak ɗin suke so. Yaro ya kafe, ya ce ko kwatabak ko ya bar wasan. Mahaifinsa ya ce duk ba ɗaya, ya zauna a gida ya karanci haɗa magunguna. A watan Disamba ake sa hannu. Ni ce a tsakiya, kowa ni yake kallo. Me zan yi?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Amma ba ki faɗi yadda karatunsa yake ba, kuma ba ki ce ko kyauta za su ɗauke shi ba.

Kawu na Dallas:
Maman Abba, ki saurare ni da kyau, shekara ashirin da wani abu ina bin wasan nan, ba jiya na fara ba. Ku karɓi babbar jami'ar, kada ku tsaya wata-wata. Bari in yi miki lissafi. Ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwararru, 32 ne, kowace kwatabak ɗaya take sawa a fili. Kujera 32 ke nan a duk faɗin Amurka, kuma wanda ya hau ba ya sauka da wuri, wani sai ya shekara goma sha biyar a kai. Zaɓen sababbin 'yan wasa da suke yi kowace shekara zagaye bakwai ne, mutum ɗari biyu da hamsin da 'yan kai, kuma kwatabak a cikinsu ba su cika wuce goma sha biyar ba. Amma 'yan baya? Huɗu ko biyar ke fili lokaci guda, ana canza su, ana jin ciwo, ana neman wasu kullum. To wace ƙofa ce ta fi faɗi?

Kuma sauya gurbi ba faɗuwa ba ce. Julian Edelman kwatabak ne a jami'ar Kent State. Da ƙungiyar Patriots suka ɗauke shi a zagaye na bakwai a 2009, mai cafke ƙwallo suka mayar da shi. Bai yi girman kai ba, ya karɓa, shi ne ya zama gwarzon Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL, a 2019. Kocin babbar jami'a ya ga ɗaruruwan yara, idan ya ce ɗanki ɗan baya ne, to ɗan baya ne. Ba ya yi masa ƙiyayya.

Ɗan Zinder:
Kawu, da girmamawa, wannan maganar ce aka daɗe ana yi wa baƙaƙen yara: kana da gudu, koma gefe ka bar wa wasu jifa. Ita aka yi wa Lamar Jackson bayan ya ci kyautar Heisman ta gwarzon 'yan wasan jami'a yana jami'ar Louisville a 2016, manyan masana suna cewa ya koma cafke ƙwallo. Mahaifiyarsa ce ta tsaya kai da fata tun yana yaro cewa ɗanta kwatabak ne. Ƙungiyar Ravens suka ɗauke shi na 32 a zaɓen 2018, ya zama gwarzon shekara na NFL sau biyu, 2019 da 2023. Batun ƙaramar makaranta kuma, Josh Allen da ya gama sakandare a wani ɗan ƙauyen manoma a Kalifoniya babu babbar jami'ar da ta kula shi. Ƙaramar kwaleji ta shekara biyu ya je, Reedley, daga nan jami'ar Wyoming, aka ɗauke shi na bakwai a zaɓen NFL na 2018. Carson Wentz, shi ma kwatabak a NFL, daga jami'ar North Dakota State ya fito, ƙasar ƙanƙarar da Anti ke tsoro. Abin da kwatabak ke buƙata shi ne ya buga wasa, ba zaman benci a babban fili ba.

Kawu na Dallas:
Yaro, ka kawo mini mutum uku. Ni kuma in kawo maka dubu nawa da ba wanda ya san sunansu? Wanda ya tsira daga rijiya shi ke ba da labari, na ciki ba ya magana.

Maman Abba:
Ɗan Zinder, Allah ya yi maka albarka, wallahi labarin mahaifiyar Lamar ɗin nan Abba ya sha ba ni. Kawu na gode, amma ba ku ga yaron nan a fili ba ne. Wasan da suka yi makon jiya saura daƙiƙa arba'in, ana binsu maki huɗu, na ga ya durƙusa cikin yaran yana zana musu abu a tafin hannunsa, ƙattan da suka ninka shi suna gyaɗa kai. Ya jefa, aka cafke, filin ya kaure. Ni da nake karanta Ayatul Kursiyyu ban san lokacin da na miƙe na yi guɗa ba. Irin wannan yaron za a ce ya koma bin bayan wani?

Hajiya Babba:
Ni dai duk wannan sunayen da kuke jerawa ban san ko ɗaya ba. Abin da na sani shi ne ɗan ƙanwata da ya yi wannan wasan a Maryland. Jijiyar gwiwarsa ta tsinke yana ajin ƙarshe, kocin da ke kiran wayar uwarsa safe da yamma, har ranar haihuwarta yake tunawa, ɗif ya ɗauke ƙafa. Ko sannu. Mu muka yi ta jigila asibiti, ni na bar aikina mako biyu, kuma har yau uban yaron bai buɗe baki ya ce mini na gode ba, sai ma cewa da ya yi wai mu mata muka zuga shi. Danginsa kuwa da ke Kaduna ana ta aiko da saƙo wai a turo musu kuɗin ɗan ƙwallo. Kuɗin me? Yaro yana tafiya da sanda.

Likita (ma'aikacin jinya):
Hajiya ta taɓo inda nake so. Gwiwa ana gyarawa, kai ne abin tsoro. Ku tuna yadda kwatabak ɗin nan Tua Tagovailoa ya kwanta a fili a 2022 yatsunsa a sanƙare bayan kansa ya bugi ƙasa. Maman Abba, ya taɓa samun buguwar kai? Sau nawa? Domin ɗan baya shi ke kai karo da kansa, kwatabak kuma shi ake kai wa. Babu na zaɓe a ciki, amma ya kamata a san tarihin yaron.

Maman Abba:
Sau ɗaya ne kawai, shi ma ba mai tsanani ba, mako biyu ya koma. Ai ko hawa keke mutum yana faɗuwa.

Uwar Biyu:
Anti har yanzu ba ki amsa ni ba. Ina tambaya ne saboda na bi wannan hanyar da 'yata a guje-guje. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i tana son darussa 16 na dole a sakandare da matsakaicin maki 2.3 cikin 4 kafin yaro ya buga wa babbar jami'a a shekarar farko. Sannan abu mafi muhimmanci, tayin da suka yi a rubuce yake ko da baki? Na baki ba komai ba ne, gobe suna samun wanda ya fi shi za su janye. Ƙananan jami'o'in kuma sukan raba tallafin gida biyu ko uku, a ce miki sukolashif ne, ki je ki tarar rabi ne, sauran ke za ki biya. Ki nemi takarda.

Maman Abba:
Karatunsa lafiya lau, malaman ma suna son sa. Batun takarda kuma kocinsa na musamman ya ce shi zai kula da wannan, ya san mutanen.

Kawu na Dallas:
Wane kocin musamman kuma? Ba kocin makaranta ba?

Maman Abba:
Wani ne da ke koya masa jifa da takun ƙafa ranar Lahadi. Shekara biyu ke nan. Ni nake biya daga kuɗin adashina.

Malam na Bronx:
Maigidan ya sani?

Maman Abba:
Bai tambaya ba.

Malam na Bronx:
To ai ga matsalar nan, ba ta jami'a ba ce. 'Yar uwa, ki ji tsoron Allah, uba ya ce a'a, ke kuma kina bi ta bayan gida shekara biyu, yanzu kin zo mu zaɓa miki tsakanin abu biyu da duk ya hana. Wannan shi ne abin da ke cinye mu a ƙasar nan. Yaranmu sun san sunan kowane ɗan wasa amma a ce su gaida babba da Hausa sai su yi ta murmushi. Na buɗe karatun allo ranar Asabar, iyaye goma sha biyu suka yi alkawari, yara huɗu ke zuwa, sauran wai suna da atisaye. Wasan sakandare daren Juma'a, na jami'a Asabar, na manya Lahadi, to yaushe aka bar wa Allah?

Ɗan Zinder:
Malam, akwai Musulmi a wasan. Husain Abdullah da ɗan'uwansa Hamza sun ajiye kakar 2012 sukutum suka tafi aikin Hajji. Husain ne ya yi sujada a fili a 2014 yana ƙungiyar Kansas City, alƙalin wasa ya hukunta shi, washegari NFL ta ce kuskure aka yi.

Malam na Bronx:
Madalla da su. Ban ce haramun ba ne, na ce a bi uba.

Maman Abba:
Malam, ban ɓoye don raini ba. Mutum ne da bai taɓa zuwa kallon wasan yaron ko sau ɗaya ba, in an yi maganar sai ya ƙara sautin rediyo. Kuma Abba ba ya wasa da sallah, a mota yake yin Magariba da Isha'i in an tashi, da kayan wasan a jikinsa. Ni ba shari'a na kawo ba, shawara nake nema a kan makaranta.

Kawu na Dallas:
To mu koma kan makaranta. Kocin Lahadin nan, ki lura, abincinsa yana kan yaron ya ci gaba da zama kwatabak. Ranar da ya koma ɗan baya, kuɗin adashinki ya tsaya. Me kike tsammanin zai ce miki? Sannan tun 2021 an halatta wa 'yan wasan jami'a karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu, abin da ake kira NIL, kuma kuɗin a manyan makarantu yake, ba a garin ƙanƙara ba. Ko bai kai NFL ba, ya fita da digiri mai suna da ɗan abin hannu. Ko kwatabak ɗin ma da suka yi sa'a, kin san me suka haɗiya? Jalen Hurts, ɗan nan Channelview kusa da ku, mahaifinsa ne kocinsa a sakandare. A wasan ƙarshe na jami'o'in ƙasa a Janairun 2018, yana kwatabak ɗin jami'ar Alabama, aka cire shi da hutun rabin lokaci, duniya na kallo, aka sa Tua. Ya shekara guda a benci a Alabama kafin ya koma Oklahoma. Ɗanki da ke cewa ko kwatabak ko ya bari, zai iya wannan zaman?

Ɗan Zinder:
Kawu ka ƙarasa labarin mana. Ƙungiyar Eagles suka ɗauke shi na 53 a zaɓen 2020, ya ci Super Bowl a 2025, kuma a matsayin kwatabak. Ai hujjata ka kawo. Yanzu ma sauya makaranta ya yi sauƙi, in ya haskaka a ƙaramar, manyan da kansu za su zo.

Kawu na Dallas:
In ya haskaka. In. Ni na gama magana, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Hajiya Babba:
Haɗa magungunan ma ai ba laifi ba ne. Ɗan maƙwabciyata shi ya yi, ga shi ya kai uwarsa Umara sau biyu.

Uwar Biyu:
Anti don Allah, takardar. Ki kira ofishin kocin jami'ar da kanki gobe, kada ki bar wa kowa.

Maman Abba:
Na gode muku duka, na karanta komai. Ƙaramar jami'ar sun gayyace mu ziyara ƙarshen mako mai zuwa, su za su biya jirgi da masauki. Na ce wa Abba za mu je mu gani da idonmu kawai, ba sa hannu za mu yi ba. Maigida na ce masa za mu je duba wata makaranta, ai ba ƙarya na yi ba. Akwai wanda ya san inda ake samun rigar sanyi mai arha a Houston? Ta yaron ta yi masa kaɗan.

Malam na Bronx:
Kin gaya masa wace irin makaranta ce?

Likita (ma'aikacin jinya):
Waccan buguwar kan da kika ce, likita ne ya sallame shi ko koci?